Ranar da Na Kama Inna a Raga

Ba zan taɓa mantawa da waccan safiyar Laraba a fadamar Kwandiko ba, ko na so in manta dangin matata ba za su bar ni ba.

Lokacin ina gama makaranta ke nan, sai na samu aikin wucin gadi da wata malamar jami'a, Dakta Rabi, mai ƙirga malam-buɗe-littafi a fadamun Gwaram da Birnin Kudu. (E, aiki ne. Ni ma sai da na tambaya sau biyu.) Za ka bi hanya ɗaya cikin ciyawa a hankali, ka rubuta irin wanda ka gani da adadinsa. Akwai wani shuɗi mai baƙin gefe da ta ce ya yi ƙaranci ƙwarai, damina biyu tana nemansa. Idan aka same shi, za ta iya roƙon kada a ƙone ciyawar wurin da kaka. Ta ba ni raga mai doguwar sanda, ta ja mini kunne: "Ba a gudu, ba a ihu, kuma ba a kai raga sai an tabbatar."

Ni kuwa da biyu na roƙi a kai ni Kwandiko. A can Hadiza take, yarinyar da nake nema, kuma ina so labari ya isa gidansu cewa yaron nan fa mai bincike ne. Har hular malafa na saya. Na rataya littafi a wuya, ina tafe ina murmushi ni kaɗai, ina jin ko akuya ta gan ni ta san ta ga ilimi.

Da hantsi, can cikin dogayen ciyawa, sai na hango shuɗi yana kaɗa fukafukai. Shuɗi mai baƙin gefe! Kaina ya ɗau zafi. A daƙiƙa biyu na ga sunana a rahoto, na ga baban Hadiza yana miƙo mini hannu. Dokokin Dakta uku ɗin nan, a tare na karya su. Na zura da gudu ina ihu, "Dakta, ga shi! Wallahi ga shi!" Takalmina ɗaya ya tsaya a laka, ban waiwaye shi ba. Na ɗaga raga da hannu biyu na kifa.

Sai malam-buɗe-littafin ya ce, "Innalillahi!"

Ashe ɗankwalin atamfa ne, kunnuwan ɗaurinsa ne iska ke kaɗawa. Mai shi ta sunkuya tana yankar wa awakinta ciyawa. Ta miƙe a hankali, lauje a hannu, raga har wuya, ta dube ni ta cikin hudojin.

Inna ce. Mahaifiyar Hadiza. Matar da ko inuwarta na hango a zaure sai in sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na zube a laka ba. Na ce, "Ina kwana, Inna. An tashi lafiya? Ya gida, ya yara?" (Duk wannan gaisuwar, sandar tana hannuna, ragar tana kanta. Ban tuna ba sam.)

Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. In ka gama ƙirga ni, ka cire mini, awaki suna jira."

Dakta ta iso tana haki, ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai idonta ya kai kan wani abu. Gudun da na yi ya tayar da na gaskiyar daga ciyawa, ya zo ya sauka a kan damin ciyawar Inna. Dakta ta ɗaga kyamara ta ɗauka. Hoton ya fito tsaf, shi aka nuna wa mai unguwa har ya hana ƙona wurin. A bayansa kuma, in ka lura, ga wani mutum durƙushe da takalmi ɗaya.

Kafin azahar labarin ya zagaye gari. Hadiza ta kira ni a waya, ta yi ta dariya, ta kashe. An dai ba ni ita, Inna ma ce ta ce mutumin da zai gaishe ka kafin ya cece ka ai yana da tarbiyya.

Abin da na koya ke nan: duk kyan fukafukai, ka fara leƙawa ka ga ko akwai kafaɗu a ƙarƙashinsu.