Rasuwar Allon Kicin Ɗin Matar Kafinta

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ta gaji da ɗaukarsa, matar kafinta ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar allon hotunanta, wanda ta raɗa wa suna "Kicin Ɗina In Allah Ya So". Ya cika ne a kan teburin mai gyaran waya, bayan gajeriyar jinya.

An haifi marigayin a wata manhajar tara hotuna, shekarar da aka yaye 'yarta ta fari, wadda yanzu ta kai ta dafa wa gida abinci. Ƙanwarta ce ta buɗe mata shi, ta nuna mata yadda za ta liƙa duk hoton da ya burge ta. Tun daga ranar take kiwonsa. In ta gama wanke-wanke sai ta zauna a bakin ƙofa ta ciyar da shi: kabad mai murfin gilashi, durowar cokula mai gida-gida, famfo mai dogon wuya, ƙugiyoyin rataye ludayi. Ta raba shi kashi-kashi, akwai na farin fenti, akwai na launin katako, akwai wani ɓangare da ta kira "In Wuri Ya Yi Kaɗan", shi ya fi kowanne ƙiba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayarta yaushe ba. Bai taɓa yi mata gorin cewa nata kicin ɗin falle ɗaya ne na katako a kan bulo biyu, tukwane a kife a ƙasa, alhali mijinta kafinta ne da ake layi a shagonsa. Iyakar maganarsa ɗan "ƙit" in hoto ya zauna, sai kuma "tilin" in ya samo mata wani mai kama da shi. Abincinsa data ne, kuma ba za a ɓoye ba, yana da ci.

Ya yi wa jama'a hidima fiye da yadda ya yi wa mai shi. Duk matar da ta zo shago ta rasa irin kabad ɗin da take so, maigidan zai aiko a karɓi wayar matarsa a nuna mata allon. Haka matar kafinta ta riƙa zuwa barka gidajen mutane tana tarar da zaɓinta a jikin bangonsu, har da hannun durowar da ta daɗe tana so. In ta yi magana a gida, amsar ɗaya ce: "Maman yara, naki ai na musamman ne, ba a yi masa gaggawa."

Ciwon ajali ya same shi ranar da ta jingina wayar a bakin taga, don babu kantar da za ta ɗora ta, wayar ta zame cikin bahon wanke-wanke. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa har wayar ta farfaɗo, amma manhajar ta ce sai kalmar sirri. Ƙanwar da ta saka ta ta ce wallahi ita ma ta manta. Aka nemi manhajar ta turo lambar buɗewa, sai lambar ta tafi tsohon layin matar kafinta da ya daɗe da komawa hannun wani. Da suka kira shi, wani direban mota ne, ya ce, "Baiwar Allah, ni kicin ɗin wa na sani?" ya kashe. Da yake ta kulle allon ita kaɗai ke ganinsa, ko gawarsa ba a samu ba. Ba ta yi kuka ba. Ta biya mai gyara, ta koma gida ta ɗora tukunya.

Ya rasu ya bar 'ya'ya da dama, dukkansu a gidajen wasu, cikin ƙoshin lafiya. Ya bar gwangwanin fenti da ya bushe ba a buɗe ba, da murfin kabad guda ɗaya a bayan shago, wanda yanzu ake shan shayi a kansa. Ya kuma bar maigidan, da ya fi kowa jin mutuwar, don tun ranar yake zana wa masu saye kabad da yatsa a iska.

Za a karɓi gaisuwa a kicin ɗin, mutum bibbiyu, don ba ya ɗaukar uku. Kowa ya taho da abin zamansa. Iyalan na roƙon kada a turo hotunan kicin da sunan jaje, kada kuma a ba da shawarar buɗe sabon allo, mai makokin ta ce yatsanta ya gaji. Binnewa kuwa sai ranar da aka kafa mata kantar kicin, a nan za a ɗora wayar a yi addu'a. Ba a sa rana ba tukuna, amma jiya maigidan ya shigo da tef ɗinsa ya auna bangon, ya rubuta awon a tafin hannunsa da biro, sannan ya wanke hannu ya ci abinci.