Kogin da Ya Bi Sagiru Gida

Kun taɓa ganin mutumin da ya san komai, amma bai san abin da ke bayansa ba? To, Sagiru ke nan. Wata uku kacal ya yi yana kwas ɗin zane a Zariya, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya raba wa bakan gizo launuka.

Wata 'yar kasuwa, Hajiya Ladidi, ta gina otal, tana neman wanda zai riƙa zaɓo mata zanen da za a rataya. Sagiru ya ce ai don wannan aikin aka haife shi. Ta ce su haɗu a shagon Kamilu mai zane, ta ji zurfin iliminsa.

Gogan naka ya aro babbar riga fara ƙal, ya riga ta isa. Kamilu ya zagaya wanke burushi. Ga wani zane a tsakar shagon: kogi, duwatsu, giginyu, rana na faɗuwa. Da jin tsayuwar motar Hajiya, Sagiru ya juya wa zanen baya, ya saɓa riga fuuu, irin na manya. Har sau biyu.

"Ranki ya daɗe, matso ki gani." Ya juyo, ya ƙanƙance ido. "Kin ga hadarin nan da ya haɗiye rabin kogin? Baƙin ciki ne zalla. Mai zanen kewar garinsu yake yi."

"Ikon Allah! Ni kuwa sai na ga kamar gogewa aka yi."

"Ai salon ke nan, Hajiya! Ja ɗaya, shuuu! Sai an shekara ashirin hannu ke faɗawa haka. Duk Arewa masu iya shi ba su wuce uku ba."

Sai ga Kamilu. Burushi ya suɓuce masa, tim!

"Innalillahi! Ina kogina? Yanzun nan na gama shi, ko shan iska bai yi ba!"

"Kwantar da hankalinka, ƙanena, bayanin hadarin nake yi wa..."

"Wane hadari? Malam, juya."

Sagiru ya juya. Ga shuɗin kogi tun daga kafaɗa har ƙugu, giginya biyu, har da rabin rana.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe cikin ukun nan har da kai! Kamilu, aikin otal naka ne. Wannan na bayansa kuma nawa za ka bar min? In rataye shi a falo, da shi da rigar."

Don Allah, in kun ga wani a Sabon Gari yana tafe yana manne wa bango, ku nuna masa shagon mai wanki. Mai rigar gobe yake ɗaurin aure.