Sunan da Ma'u Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

"Lafiya lau muka wuni, sai yanzu da na ga abin da ka jawo mana. Misbahu, wannan rago ne, ko kare aka yi wa ƙaho?"

Inna Ma'u ce mai maganar. Tana zaune bakin ƙofar ɗakin mai jego da jariri ɗan kwana shida a cinyarta. Jikanta Misbahu, uban jaririn, saukarsa ke nan daga kasuwar Mai'adua, yana ɗaure ragon suna a turke. Shi da ita ba sa gaisawa sai da tsiya. Tun yana rarrafe take ce masa mijin da bai iya cefane ba.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ina ruwanki da ƙibarsa? Da wane haƙorin? Romo za a ba ki, shi ma sai an tace."

"Ni a kan naman kakanka na zubar da nawa haƙoran. Matarka kuwa da nata za a binne ta cif, ba su ga aiki ba."

Ikilima, matar Misbahu, ta tuntsire da dariya daga cikin ɗaki. Ma'u ba ta yi ba. Ta gyara wa jaririn hula, ta tambaya, kamar ba komai ba, wai gobe wane suna za a raɗa wa angon nata. Misbahu ya ce Anwar, shi mai jego take so, yana da daɗi a baki.

Kwana shida ke nan tsohuwa tana jiran wata amsa, ba wannan ba. Mijinta Malam Kalilu baduku shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwa, kuma kaf zuriyarsa babu takwara. Ɗansu namiji tilo, mahaifin Misbahu, ya taɓa yi masa guda, ƙyanda ta ɗauke yaron kafin a yaye shi, shi ma uban daga baya ya bi. 'Ya'yan mata kuwa, ai haihuwar wasu gidajen suke yi. Rumfar da Malam ya shekara arba'in yana ɗinkin fata a hanyar Kusugu, da ita ake kwatance a da, yanzu kowa sai ya ce wajen mai cajin waya. Abokansa duk sun kwanta dama. In wannan jaririn ya kuɓuce, ita ta sani ba za ta ga haihuwa ta gaba ba. Ga hawan jini, ga ido yana tafiya.

"Anwar," ta ce. "Wane ne Anwar a danginku? Ko mai rake ne a tasha?"

"Haske ke nan da Larabci. Yaro ya shigo gidan da tsohuwa ta dushe, ai sai haske."

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba ka da kaka ne?"

"Ina da ita, ga ta nan. In sa masa Ma'u?"

"Uwaka. Namijin nake nufi."

"Wanne? Biyu ne."

"Malam."

"Daura duk malamai ne, Inna. Wanda ke gyara mini babur ma Malam ne."

Ja'irin ya san inda yake tsokana. Ma'u irin matan da ce. Shekara arba'in da ɗaya tana ɗakin Malam, goma sha ɗaya tana zaman bayansa, sunan nan bai taɓa ratsa leɓenta ba. Ko wani mai irin sunan ya zo wucewa, sai dai ta ce mai sunan Malam. Lokacin da aka zo ƙidaya, ma'aikacin ya tambaye ta sunan mai gida, sai da aka kirawo maƙwabciya ta faɗa.

Misbahu ya tsuguna gabanta yana sosa ƙeya, ya rantse da ragonsa wai sunan ya shige masa duhu, tafiyar Mai'adua ta zubar masa da shi a hanya. Amma abu mai sauƙi ne. Ta faɗi sunan da bakinta sau ɗaya tak, gobe shi liman zai raɗa.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," ta ce. "Ni na bushe."

"To Anwar ya tabbata. Kuma tsaya ma, Inna, in an sa, me za ki kira shi?"

Ta ce Abba.

"Kin ji ba! Abba na goma a layin nan. Abban Rabi, Abba Dogo, Abba Ƙarami, Abba mai ƙwallo. Ranan na tsaya bakin famfo na ce Abba, yara tara suka juyo, har da wani jaki. Ni na ji an ce sunan nan wata tsohuwa ce ta ƙirƙiro shi, da ta haifi jikoki ta kasa riƙe sunayensu."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Abba ai uba ne, ko malamin Islamiyyarku bai gaya maka ba? Mu da muna yara Baba ake cewa, ko Babangida, wannan daga baya ya cika gari. Kuma ba lalaci ya kawo shi ba, kunya ce. Ɗa ba ya kama sunan ubansa, suruka ba ta kamawa, mata ba ta kamawa. Duk Abban da ka gani yana gudu a layi, wani tsoho ne aka lulluɓe."

Da ta faɗi haka sai maganar ta juyo ta soke ta. Jikokinta na wajen 'ya'yanta mata uku ne Abba, kuma ko ɗaya ba nata tsohon aka lulluɓe ba. Sannan ga wata: ko an sa wa wannan, ita Abba za ta ce, Ikilima Abba, 'yan'uwa Abba. Sunan zai fito daga bakin liman da safe, kafin a feɗe rago an sake binne shi. Ashe ko ta ci, ba ta ci ba. Sai ta ce da Misbahu ya bar shi kawai, ya sa Anwar ɗinsa. Mutum ya mutu, rumfarsa ta mutu, to sunan ma ya bi su, Allah Ya ji ƙan kowa.

Misbahu ya ga wasa yana neman ɓaci, amma bai saki ba, don ya san in ya lallashe ta kuka za ta yi.

"Au, kin sallama? Matar da ta kori ɓarawon akuya da muciya? Ashe dai ba ki so shi ba, Inna. Tuwonsa kika so."

Ta ɗago ta dube shi da idon nan mai yana. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta ja mayafinta ta rufe kanta da jaririn gaba ɗaya, kamar mai turare. Misbahu ya ga mayafin ya sunkuya. Bai ji komai ba, sai ɗan motsin jariri. Da ta yaye, fuskarta jiƙe take.

"Na faɗa."

"Ban ji ba."

"Cewa ka yi in faɗa da bakina. Ba ka ce da kunnenka ba. Mai sunan ya ji, tambaye shi."

Ikilima ta leƙo daga labule ta ce wallahi Inna ta yi gaskiya, ita ce shaida, Anwar ya jira ƙaninsa. Misbahu ya riƙe baki, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ƙwalla. Ya laluba aljihu ya ciro farin goro guda, wanda ya sayo mata tun a Mai'adua ya ɓoye, ya ajiye a tafin hannunta.

"Kin ci, tsohuwa. Amma ba a gidan nan za a yi Abba na goma ba. Ku masu kunya ku ji da kunyarku. Ni jika ne, tun yana da rai nake kama sunansa yana bi na da sanda. Da shi zan kira ɗana, safe da yamma, har unguwa ta koya."

"Mara kunya. Ba za ka iya ba."

Ya miƙe tsaye a tsakar gida, ya buɗe murya yadda abokan Malam kan yi daga zaure a da.

"Kalilu! Kana ciki?"

Shekara goma sha ɗaya bangon gidan bai ji wannan kira ba. Kafin Ma'u ta ankara, hannunta ya riga ya gyara ɗankwali, ta juya wajen tsohon ɗakin da yanzu ake ajiye buhunan gero, bakinta ya buɗe za ta ce Malam ana sallama. Sai ta tuna. Ta sunkuyar da kai ta dubi cinyarta, goron yana dunƙule a hannunta.

"Yana ciki," ta ce. "Barci yake. Ka rage murya."