Cokalin Gadon Kusa

"Da sauƙi, ba don ka so ba," na amsa wa taubashina, ɗan kawuna, lauyan da bai taɓa zuwa dubiya da ko lemo ɗaya ba. Saura awa biyu a shiga da ni tiyatar maƙoƙo. Ɗakin tsit kamar an fitar da gawa. A gadon kusa akwai matar da aka yi wa tata shekaranjiya. Bakinta na motsi, ba abin da ke fita.

Ya ajiye min ƙararrawar awaki a kan filo.

"Ta mece ce?"

"Ta kiran mutane in kin fito. Shekara arba'in muna roƙon Allah ya kashe mana rediyon nan."

"Aniyarka ta bi ka, mai kai kamar murfin tukunya! Ko daga kabari sai na zage ka."

Nas ta kawo takarda, ta nuna min wurin sa hannu. Na ɗauki biro. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas. Matar ce ke buga cokali a ƙarfen gado, idonta a kan birona.

"Har ta fara koya miki yarenku," ya ce, amma bai yi dariya ba. Ya fizge takardar.

"Ashe ka iya karatu? Na ɗauka rigar kawai ka saya."

"Yi min shiru... a'a, kar ki yi. Ji nan ƙasa: na'urar da ke kuka in wuƙa ta kusanci jijiyar murya ta lalace, ba da ita za a yi ba. In murya ta tafi, kin yarda ba ki kai kowa kotu."

Na dubi nas. "A ɗan mitsitsin rubutu? Kaza ce ni da za a yanka ba bayani?"

Ta ce ai kowa haka yake sa hannu. Cokali ya sake bugawa, sau ɗaya.

"To lauya, addu'arka ta karɓu. Miƙo takardar."

"Wallahi ba ki sa hannu sai an gyara na'urar, likita kuma ya zo ya faɗa da bakinsa."

"Ba kai ke neman shiru ba?"

Ya daɗe yana kallon matar. Sannan ya yi dariya, iyakarta maƙogwaro.

"Na janye, uwar tsiwa. In kin yi shiru wa zai zage ni?"

Ya ɗauke ƙararrawar daga filona, ya sa wa matar a tafin hannu. Ta kaɗa ta a hankali. Har yau, in gida ya yi tsit, ina jin ƙararrawar nan.