Abu Saif, Uban Ramin Ƙarƙashin Teku

Allah ya yi wa garinmu baiwa biyu. Ta farko ramin mota da ya ratsa ƙarƙashin teku ya haɗa tsohon gari da sabo. Ta biyu Halfan bin Ubaid, Abu Saif, wanda ya ce shi ya haifi ramin.

Ranar buɗewa, yana saurayi, shi ya riƙe farantin da aka ɗora almakashin yanke ƙyallen buɗewa. Ba ƙaramin aiki ba ne. Tun daga nan duk majalisar da ya zauna sai gahawa ta huce a hannun mutane.

"Mu da muka tsaga teku," yakan ce. "Baƙi sun kawo ƙarfe, mu muka kawo zuciya."

Sai dai Uban Rami bai taɓa leƙa ɗan nasa ba. Kullum jirgin fito yake hawa, wai don talaka ya sami na cefane. Mai tausayi ke nan.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka sa ranar nema wa ɗansa Saif aure a tsallake, gidan mutanen dauri, waɗanda in uban yaro bai zo da ƙafarsa ba, babu magana. Sai iskar arewa ta taso, masu fito suka ɗaure jiragensu.

"Baba, sai ta rami," in ji Saif.

"A bar ruwa ya kwanta. Gaggawa aikin shaiɗan."

"Suna jira, Baba. Ɗan baffan yarinyar ma jira yake a ba shi ita."

A bakin ramin Abu Saif ya tsayar da ayari ya soma tarihi daga tushe, har ƙaninsa Juma ya ce, "Yaya, ka ƙarasa mana a ciki, mu gani da ido," ya tura shi mota.

A cikin ramin Abu Saif ya lulluɓe fuska da mayafin kansa, bakinsa na motsi. Juma ya ce kalmar shahada ya ji. Shi kuwa Abu Saif ya ce ginshiƙai yake ƙirgawa.

An isa, an sha gahawa, an ba da yarinya. Uban gida dai ya lura surukinsa ya ƙi zama a kan darduma, yana ta kare inda farar rigarsa ta jiƙe da hannu.

"Rufin ramin na yoyo," in ji Abu Saif. "Sai gwani ke ganewa."

Masana sun bi rufin nan taku-taku, ba su ga ɗigo ba. Gilashin motar ma a rufe yake. Mu tsofaffi dai mun ce teku ikon Allah ce.