Bat ɗin Farfesa Kabon

Idan ana maganar ƙwallon tebur a Talata Mafara, dole a fara jinjina wa Alhaji Lauwali. Dillalin shanu ne, amma Allah ya hore masa ilimin wasa mai zurfi, irin wanda ba a samu sai an yi mako guda cur ana kallon bidiyo a waya. Bai taɓa riƙe bat ba, gaskiya ne. To amma shugaba ai ba sai ya yi gumi ba. Shi ya naɗa kansa shugaban ƙungiyar unguwa, kuma babu wanda ya ja, saboda teburin a ƙofar gidansa yake.

Ana saura wata biyu gasar matasa a Maradun, abokan sana'arsa na kara suka haɗa gudummawa don a saya wa yara goma sha biyu bat. Malam Muttaka, tsohon malamin motsa jiki da ke koyar da su, ya kawo shawara cikin ladabi.

"Alhaji, masu koyo katako zalla ya fi dacewa da su, mai falle biyar, marar nauyi. Ba shi da gudu ƙwarai, yaro shina jin ƙwallo ga hannu, shi aje ta inda shika so. Ga araha, kowa shi samu nashi."

"Araha!" in ji Alhaji, ya dafe ƙirji. "Gabana kaka faɗin araha, Malam? Duniya ta wuce katako. Kabon aka yayi yanzu, abin da aka ƙera jirgin sama da shi. Mahwara ba ta shiga gasa da marhin tukunya!"

Daga ranar sunansa ya koma Farfesa Kabon. Ya ji, ya kuma ji daɗi.

Kuɗin duka suka tafi a bat ɗaya tak. Ya iso daga Legas cikin akwati mai zif, aka zagaya da shi a faranti kamar kayan lefe. Farfesa ya kafa doka: duk mai taɓawa sai ya wanke hannu da sabulu, kuma minti biyar ne rabon kowa.

Bat kam ya yi aiki. Rumaisa, wadda ta fi kowa hannu a cikin yaran, ta ɗan shafi ƙwallo, sai ga ta ta tsallake katanga. Bugu na biyu ya sauka cikin yajin mai tsire. Na uku ya sami wata akuya a goshi, ta bar unguwar gaba ɗaya. Farfesa yana tsalle cikin babbar riga yana tafi.

"Kun ga gudu! Ko Caina sai haka!"

Cewa ƙwallon ba ta taɓa tebur ba, wannan ƙaramar magana ce. Manya ba sa kallon tebur.

Ranar gasa, yaran Bakura suka sauko daga bas kowa da ɗan katakonsa mai araha, an rubuta suna da biro a mariƙi. Farfesa ya dube su ya girgiza kai don tausayi. Kafin azahar sun kori yaran Mafara goma sha ɗaya. Rumaisa, wadda ta rage ita kaɗai, ta koma bayan wani aji na makarantar da ake gasar tana share ido da gefen hijabi. Malam Muttaka ya lallaɓa wajen kocin Bakura, aka gaisa har da tambayar mutan gida, ya aro mata bat ɗaya da ya yi saura.

Sai ga ƙwallo tana jin magana. Rumaisa ta cinye wasa uku a jere, ta kai na ƙarshe da Amira 'yar Bakura.

Da Farfesa ya ga tafi ya koma wajen Rumaisa, sai ya fizge lasifika.

"Jama'a! Ni, Alhaji Lauwali, uban wanga wasa, na sadaukar da bat nau na kabon ga wadda ta zo ta ɗaya. Ta biyu kuwa," ya yi 'yar dariya, "a ba ta wancan katako da masu gasa sunka aje."

'Yan matan suka dubi juna.

Ba a taɓa ganin wasan ƙarshe irin wannan ba a Maradun. Rumaisa ta buga a raga. Amira ta buga a rufi. Rumaisa ta kai duka ta sami iska. Amira ta tsaya gyara ɗankwali ƙwallo ta wuce. Sai da alƙalin wasa ya yi rantsuwa zai kore su duka sannan aka buga na gaske, Amira ta yi rashin sa'a ta ci.

Farfesa ya miƙa mata akwatin da hannu biyu, ya juya fuska wajen masu hoto. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, na gode, Allah shi ƙara arziki. Amma don Allah a musanya mani da na Rumaisa."

Rumaisa ta rungume katakonta ta ɓuya bayan Malam Muttaka. Aka tambayi wadda ta zo ta uku ko tana son na kabon ɗin, ta ce ita sabulun da anka ba ta ya ishe ta.

A bayan ɗan kabu-kabu Farfesa ya koma Mafara, rana na dukansa, yana fifita da bat ɗin. Waɗanda suka gani sun shaida: iska kam yana bayarwa.