Sawun Toka a Bakin Akurki

A wani daji da ba a cika ratsawa ba, akwai gidan gona guda ɗaya tak, na wata tsohuwa mai suna Gwaggo Ladidi. Tana da kaji da zabbi da tattabaru, da wani muzuru mai suna Lumsau wanda ke tsare rumbu daga ɓeraye. Sanyi ya kusa tafiya amma bai tafi ba. Hatsi ya ja baya a rumbu, tsabar da ake watsawa da safe ta ragu, kowa ya fara lura da abin da maƙwabcinsa ya tsattsaga.

A lokacin ne 'yan tsaki suka fara ɓacewa. Na Fingi ne, wata kaza mai murɗaɗɗen gashi wanda ba ya tare iska. Kowace safiya in ta waiwaya sai ta ga sun ragu. A bakin akurki kuma sai a tarar da sawu fari, na toka.

Jatau, zakaran gidan, ya kira majalisa a gindin rumbu. Ya hau turmi, ya buɗe fukafukai.

"Jama'a, ɓarawo yana cikinmu. Ban ce wane ba, ban ce wance ba. Amma ya bar shaida, shaidar kuwa toka ce. Don haka za a duba kowa, ba sani ba sabo. Na gayyato Malam Lumsau ya zauna da mu, domin a harkar tsaro ya girme mu duka."

Lumsau yana kwance a rana yana lasar ƙafarsa ta gaba. Tun da sanyi ya shigo a murhu yake kwana, cikin toka mai ɗumi. Kowa ya san haka. Amma tun asuba yake lashe jikinsa, daga kunne har wutsiya.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "a fara da ni. Ba na son a ce an raga wa wani."

Aka duba shi. Fes. Har ƙyalli yake yi.

Sai aka juya kan kaji. To, kaza ba ta da maganin ƙuma sai wankan toka, kuma ba ta iya lashe kanta. Duk wadda aka girgiza sai fari ya tashi. Kande zabuwa, wadda ba ta iya magana a hankali, ta yi tsalle gefe.

"Kun gani? Kun gani? Da ma na faɗa! Kullum suna birgima a juji kamar masu ɓoye wani abu!"

"Ke ma da ita a wuyanki, Kande," in ji wata kaza.

"Zanena ne! Haka aka haife ni, 'yar baƙin ciki!"

Fingi ta matso, sauran 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Ta fi kowa toka, saboda a bakin murhu take ɗumama su da hantsi.

"Yaya Jatau, a dubi sawun mana. Sawun kaza yatsu ne a baje. Wannan dunƙulalle ne."

Aka je dubawa, majalisa gaba ɗaya, kowa yana ture kowa. Kafin na baya su iso, na gaba sun tattake wurin.

"Ina dunƙulallen?" in ji Jatau. "Ni yatsu nake gani. Da yawa ma."

A kan rufin ɗaki akwai tattabara da ke ganin tsakar gidan tun fitowar alfijir. Fingi ta ɗaga kai ta dube ta. Tattabarar ta dubi Lumsau, ta dubi tukunyar da ƙwanta ke ciki, ta shiga gyaran gashinta.

Lumsau ya yi gyaran murya.

"Ban so in yi magana ba. Fingi ƙanwata ce, tare muke shan ɗumi. Amma mu tambayi kanmu: wa ya fi kowa kusa da yaran nan? A jikin wa aka fi samun toka? Wa ya fi matsawa a dubi wani waje? Ban ce ita ce ba, Allah ya kiyaye. Na dai ce yara amana ne, kuma bai kamata a bar amana a hannun wanda ake bincike ba. In majalisa ta rasa mai riƙo, ni ba na gudun wahala."

Majalisa ta yaba. Aka yanke cewa daga ranar an hana wankan toka, kuma da la'asar Fingi za ta miƙa 'ya'yanta ga wanda aka samu da tsabta.

Fingi ta waiwaya. Ta dubi inuwar rumbu, ta ga ta fara tsawo. Gwaggo Ladidi tana zaune a ƙofar ɗaki da faifan gero a cinya. Fingi ta kira 'ya'yanta, ta nufe ta kai tsaye, ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar faifan. Gero ya watse.

"Kai, wannan kaza, Allah ya shirye ki!" in ji tsohuwar. Ta kai mata duka da mafici, ta jawo babban kwando ta kife ta da 'ya'yanta, ta ɗora dutse a kai.

Daga ciki Fingi ta leƙa ta ramukan saƙar. Ƙafar muzuru ba za ta shiga ba. Ta kwanta, ta tattara yaran. Duk ranar da aka ɗage kwandon, sai ta sake neman faifai.

"Kun ga ƙarshen mai laifi," in ji Jatau. "Har mai gida ta gane ta."

Sauran kaji suka bi doka. Ƙuma ta cinye su, gashi ya zube, suna susa a ɓoye, domin mai susa ana cewa kewar toka yake yi. Mai fita da wuri abin zargi ne, mai makara ma haka. Duk da haka aka ci gaba da ganin sawu, yanzu a gindin tukwanen tattabaru. Kande ta ce Fingi tana da masu yi mata aiki a waje. Lumsau ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, ya nemi a ba shi izinin hawa rufi don bincike. Aka ba shi.

'Ya'yan Fingi suka yi gashi a ƙarƙashin kwando, suka fito da ƙarfin tashi kan katanga. Ba wanda ya gaishe su.

Sannan zafi ya shigo. Lumsau ya bar murhu ya koma kwana a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi. Daga ranar ba a ƙara ganin toka a bakin ƙofar kowa ba. Jatau ya hau turmi ya sanar cewa an gama da sata a gidan, ya yi wa Malam Lumsau godiya a madadin kowa.

Waɗanda suka ɓace bayan haka, tunda ba a ga sawu ba, an ce tafiya suka yi.